Neman ruwan ƙarƙashin ƙasa da taswira a wani kwari na saman Kogin Kano

Wurin da matsalarsa

Ƙaramin kwari ne a kudancin Jihar Kano, tsawonsa kamar kilomita 20, faɗinsa kamar 12. Ƙorama ɗaya ce ke ratsa shi, tana kwashe ruwan ƙananan rafuka ta zuba a Kogin Kano kafin ya isa madatsar Tiga. Ƙauyuka ne a warwatse, da rugage a gefen daji.

Wanda ya ji sunan kwarin Hadeja da Jama'are, fadama da dausayi ne ke zuwa masa a rai. Amma kwarin kashi biyu ne. Can ƙasa, wajen Hadeja da Nguru, rairayi ne da yumɓu a jere hawa-hawa, ruwa kuma a shimfiɗe yake, kusan duk inda aka huda za a same shi. Nan sama kuwa, inda Kogin Kano da na Challawa suka taso, tsohon dutse ne mai tauri a ƙarƙashin gonaki, irin wanda ke leƙowa a matsayin fa da tsauni. Shi wannan dutse ba ya riƙe ruwa a jikinsa. Ruwa na zama ne a wuri biyu: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa, da cikin tsagogin da suka keta shi. Ruɓaɓɓen dutsen shi ne randa, tsaga kuma ita ce hanyar da ruwa ke bi ya iso rijiya. Kaurin wannan ruɓaɓɓen sashe na iya zama mita 25 a nan, a matsa taku ɗari ya koma mita 4.

Ruwan sama bai gaza ba, kusan milimita 1,000 ne a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Duk da haka rijiyoyin guga, yawancinsu masu zurfin mita 8 zuwa 15, suna fara ja da baya daga Fabrairu. Kafin Afrilu sai a ga mata da yara a cikin ƙoramar da ta ƙafe suna tonon rairayi, suna jiran ruwa ya tsattsafo su ɗiba da ƙwarya.

Rani na farko: haƙa da ido

An ba ɗan kwangila aikin burtsatse huɗu masu famfon tuƙa-tuƙa. Ba a yi safiyo ba. Dagaci da masu unguwanni ne suka nuna wurare, kuma sun zaɓa ne bisa buƙata: gaban masallaci, harabar firamare, bakin kasuwa, da wata unguwa mai nisa da ƙorama.

Ɗaya ce ta ba da ruwa. A sauran ukun, bayan marmara da ɗan jan yumɓu, injin ya faɗa kan dutse tun kafin mita 10, farar ƙura ta riƙa tashi har aka kai mita 40 zuwa 45 aka naɗe kaya. Da yake yarjejeniyar ta ce sai an ga ruwa za a biya, ɗan kwangilar bai rubuta komai a kan ramukan da suka bushe ba. Aka cusa musu duwatsu aka wuce.

Damina ta farko: taswirar ofis

Daga nan aka nemi a haɗa taswirar da za ta nuna inda ake kyautata zaton ruwa a kwarin baki ɗaya. An yi aikin a kwamfuta da manhajar QGIS, da bayanan da ake saukewa kyauta.

Tushen aikin shi ne bayanan tudu da gangare na SRTM, waɗanda jirgin sama jannati na Amurka ya auna a Fabrairun 2000, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 a kowane gefe. Daga cikinsu aka fitar da iyakar kwarin, da hanyoyin ruwa, da tsananin gangara, da siffar ƙasa, da yawan rafuka a kowace murabba'in kilomita. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat 8 suka ba da yanayin amfani da ƙasa: gona, daji, gari, dutse a fili. Ruwan sama aka ɗauko daga CHIRPS, wani kundin ƙiyasin ruwan sama da ake haɗawa daga tauraron ɗan'adam da tashoshin awo. Nau'in ƙasa aka ɗauko daga taswirar duniya ta FAO, wato Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, nau'in dutse kuma daga taswirar Najeriya baki ɗaya. Saura miƙaƙƙun layukan da ake ɗauka alamar tsaga ce. Su manhaja aka bari ta zaƙulo da kanta daga hoton, ta fitar da ɗaruruwa.

Kowane shafi, wato taswirar ma'auni guda kamar gangara ko ruwan sama, aka raba shi aji biyar, daga 1 zuwa 5. Nauyin shafukan aka tsara da hanyar AHP ta Thomas Saaty, inda ake gwada ma'aunai bibbiyu a kan sikelin 1 zuwa 9: shin gangara ta fi ruwan sama muhimmanci, da nawa? Makin da aka sa an kwafo shi ne daga wani aiki da aka yi a wata ƙasa. Lissafin daidaito ya fito ƙasa da 0.1, wanda shi ne iyakar da ake karɓa, aka ɗauki hakan a matsayin shaida. Aka ɗora shafukan kan juna, taswira ta fito da launi biyar. Shuɗi mai duhu, wato wuri mafi kyau, ya bi gindin kwarin kamar an zana ƙoramar da rassanta, sai wasu 'yan tsibirai a kan tudu inda layuka suka yi yawa.

Ba a je wurin ba ko sau ɗaya kafin a buga ta.

Rani na biyu, Janairu zuwa Fabrairu: an bi shuɗi

An haƙa uku, duka a cikin shuɗi mai duhu.

Ta farko a bakin fadama. Mita 6 na farko baƙar laka ce mai danƙo, sai farin yumɓu mai santsi, sai dutse mai lafiya a mita 12, babu tsaga. Ramin ya jiƙe, amma da aka hura iska ruwan bai fi cika bokiti ba ya yanke, sai an jira ya sake taruwa.

Ta biyu a kan wani dogon layi da ya miƙe fiye da kilomita ɗaya daga gabas zuwa yamma. Da injin ya isa sai aka tarar burtali ne, an shinge shi da aguwa hagu da dama. Abin da manhaja ta gani ke nan: kore a miƙe tsakanin gonakin da aka girbe. Aka haƙa duk da haka, tunda an riga an kawo kaya. Ƙura ce har ƙasa.

Ta uku ta ba da ruwa kaɗan, aka sa mata famfo. Ta yi aiki har tsakiyar Maris, daga nan sai an tuƙa sau da yawa kafin ruwa ya zo, jarka biyu ko uku ya ɗauke.

Maris zuwa Afrilu: ƙidayar rijiyoyi

A nan aka dakatar da haƙa, aka tura mutum biyu da babur, da na'urar GPS, da igiyar awo mai ƙara idan ta taɓa ruwa. An zaɓi ƙarshen rani da gangan, domin lokacin ne ruwan ƙasa ke kai ƙarshen saukarsa, rijiyar da ke da ruwa a Afrilu ita ce abin dogaro.

Kowace rijiya, ta guga ko burtsatse, an rubuta mata abu biyar: inda take, zurfinta, zurfin da ruwa ya tsaya, ko tana ƙafewa da watan da take ƙafewa, da abin da aka tarar lokacin haƙa. Amsar ta ƙarshe daga bakin mahaƙa rijiya na gargajiya ta fito, kuma ta fi duk abin da ke ofis amfani. Mahaƙi zai gaya maka gaba nawa ya yi a marmara, gaba nawa a jan yumɓu, inda ya shiga ruɓaɓɓen dutse mai ɓarɓashi da ke marmashewa a hannu, da inda diga ta fara tartsatsi ya haƙura. Gaba ɗaya ta babban mutum kusan mita 1.7 ce, da haka aka mayar da bayaninsu lissafi. Su ne kuma suka nuna ramukan burtsatsen da aka binne, har da na shekarun baya da babu takardarsu a ko'ina.

Da aka ɗora waɗannan wurare a kan taswirar farko, abu uku suka bayyana.

Rijiyoyin da ba sa ƙafewa ba a gindin fadama suka taru ba. Yawancinsu suna kan gangare mai sauƙi, tsakanin tudu da fadama, inda mahaƙa suka ce sun yi gaba goma ko fiye ba su taɓa dutse ba. A gindin kwarin kuwa, wurare da dama ruwa ya riga ya kwashe ruɓaɓɓen dutsen, fa na leƙowa a cikin ƙoramar kanta.

Na biyu, shafuka uku ba su rarrabe komai ba. A taswira mai sikelin 1:5,000,000, milimita ɗaya kilomita 5 ce a ƙasa, don haka kwarin duka ya faɗa nau'in ƙasa guda. Ɗigon CHIRPS ya haura kilomita 5 a kowane gefe, kwarin bai wuce ɗigo goma sha wani abu ba, bambancin ruwan sama tsakaninsu kuma ba abin a zo a gani ba ne, amma an raba shi aji biyar kamar gaske. Taswirar dutse ita ma nau'i biyu kawai ta nuna. Da waɗannan suka zama ba su da tasiri, sai hukunci ya koma hannun gangara da yawan rafuka da siffar ƙasa, su kuwa duk daga SRTM ɗaya suka fito. Abu guda aka ƙidaya sau uku, shi ya sa shuɗi ya bi ƙorama.

Na uku ƙarami ne amma yana da cizo. Wasu wuraren da aka kwafo daga tsofaffin taswirorin safiyo suna kan tsohon ma'aunin tantance wuri na Najeriya da ake kira Minna, hotunan tauraron ɗan'adam da GPS kuma suna kan na duniya, WGS84. Ba a daidaita su ba. Gociyar da ke tsakaninsu mita gomomi ce, tsagar da ake nema kuwa faɗinta na iya zama ƙasa da haka.

Damina ta biyu: taswira ta biyu

An fara da mayar da komai kan ma'auni ɗaya, WGS84. An jefar da shafin ruwan sama da na FAO. Daga shafukan SRTM an bar gangara kaɗai, kuma an sauya makinta: fili mai ɗan gangare ya samu maki sama da gindin fadama.

Layukan tsaga an sake zana su da hannu. An haska bayanan tudu daga kusurwa huɗu, digiri 0 da 45 da 90 da 135, domin layin da ya yi daidai da inda haske ke fitowa ba ya nunawa. Layi bai shiga lissafi ba sai ya cika sharaɗi: ko rafi ya bi shi a miƙe ya yi kwana mai kaifi, ko ya ratsa tsauni ya ci gaba a ɗaya gefen, ko ya bayyana a bayanan maganaɗisun ƙasa. Waɗannan bayanai Hukumar Binciken Ma'adinai ta Najeriya, NGSA, ce ke da su, an auna su daga jirgin sama a layuka masu tazarar mita 500, kuma suna nuna karayar dutse ko da ƙasa ta rufe ta. Sauran layukan aka duba su ɗaya-ɗaya a hoto mai kaifi, aka cire hanyoyi da burtali da iyakokin gonaki. Ɗaruruwan nan suka koma 'yan gomomi, akasarinsu sun fuskanci arewa maso gabas ko arewa maso yamma. An kuma leƙa fa da ke fili da kamfas, aka ga tsagogin jikinsa sun bi waɗannan fuskoki.

An ƙara shafi biyu sababbi. Ɗaya shi ne kaurin ruɓaɓɓen dutse, daga bayanan mahaƙa da ramukan burtsatse, kuma shi aka ba nauyi mafi girma. Ɗayan shi ne koren tsirrai a watan Maris daga hotunan tauraron Sentinel-2, masu ɗigon mita 10. Itacen da ke da ɗanyen ganye a Maris saiwarsa na taɓa danshi. Sai dai a yi hattara: lambun rani da gonar mangwaro da ake ba ruwa dole a cire su, gawo kuma ɗabi'arsa ce ya yi ganye da rani ya zubar da damina, saiwarsa na nisa ƙwarai, don haka gawo ɗaya a tsakiyar gona ba hujja ba ne. Abin da aka nema shi ne jerin kanya da ɓaure da ɗinya da suka bi layi guda ba tare da rafi a fili ba.

Kafin a tsara nauyi an ware kashi ɗaya cikin uku na rijiyoyin aka ajiye, ba a duba su ba. Da taswira ta fito aka ɗora su. Yawancin masu ruwa a Afrilu sun faɗa aji biyu na sama, yawancin busassun sun faɗa ƙasa. Ba duka ba, amma rabuwar ta fito fili, abin da taswirar farko ta kasa.

Taswirar ba ta ba da wurin haƙa ba. Ta ba da filaye guda shida, kowanne 'yan ɗaruruwan mita, waɗanda ba su wuce tafiyar kilomita ɗaya daga gari ba.

Disamba zuwa Janairu: safiyon lantarki

A kowane fili an ja layi a gicciye da tsagar da ake zato, ba a tsawonta ba. An bi layin da na'urar EM34, wadda ke auna yadda ƙasa ke ɗaukar lantarki, mai faifai biyu da mutum biyu ke riƙewa, ana tsayawa kowace mita 10 ko 20. Da tazarar mita 20 tsakanin faifan tana jin ƙasa zuwa kamar mita 15 idan an tsayar da su, mita 30 idan an kwantar. Da tazarar mita 40 zurfin ya ninka. Ba sabuwar dabara ba ce a Kano: haɗa wannan na'ura da gwajin lantarki na tsaye shi ne abin da aka yi amfani da shi a aikin burtsatse na KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, a shekarun 1980.

Inda na'urar ta nuna ƙasa ta fi ɗaukar lantarki, nan aka yi gwajin tsaye da tsarin Schlumberger: ƙarafa huɗu a layi, ana buɗa na waje daga tsakiya har mita 100 kowane gefe. Da rani marmara ba ta karɓar lantarki, sai an zuba ruwan gishiri a gindin ƙarfen, in ba haka ba lambobin su yi ta tsalle. An guji shingen waya da turakun wuta.

Siffar da ake so ita ce lambar turjiyar ƙasa ga lantarki, wadda ake aunawa da om-mita, ta fara sama, ta sauka, ta sake hawa yayin da ake ƙara zurfi. A ƙiyasi, ƙasa da om-mita 20 yumɓu ne, 20 zuwa wajen 150 ruɓaɓɓen dutse ne mai ruwa, sama da 1,000 dutse ne mai lafiya. Mai gaggawa yakan ga lamba mafi ƙanƙanta ya ce nan ne. A irin wannan ƙasa sau da yawa yumɓu ya samo. Akwai kuma wata matsala ta lissafin kansa: siririn sashe mai ƙaramar lamba da kakkauran sashe mai matsakaiciyar lamba suna iya ba da zane iri ɗaya. Maganinta shi ne a fara gwaji a gefen ramin da aka san cikinsa. An yi haka a gefen burtsatsen da ta yi nasara a shekarar farko da kuma ɗaya daga busassun, aka daidaita fassarar da su.

Fili ɗaya ya faɗi a nan, dutse ya yi kusa ko'ina. Wani kuma wurin da ya fi kyau ya faɗa ƙasa da mita 30 daga masai, aka matsa zuwa na biyunsa. An kafa turaku biyu a kowane fili, na farko da na ko-ta-kwana, a gaban mai unguwa da mai gona, aka rubuta amincewarsa kafin injin ya zo.

Fabrairu zuwa Afrilu: haƙa da gwaji

An sauya yarjejeniya: ana biya bisa mita da aka haƙa, ko da ruwa ko babu, da sharaɗin mai sa ido na nan kuma an rubuta komai. Ana ɗibar ɓarɓashi kowace mita a jera a ƙasa, a rubuta launi da laushi da inda ruwa ya fara fitowa.

An haƙa biyar. A huɗu, ruwa ya fito a gindin ruɓaɓɓen dutse, tsakanin mita 18 da 30, inda ɓarɓashin ya koma tsakuwa-tsakuwa, ya ƙaru da aka shiga tsagogin da ke ƙasa. Nan aka daidaita bututu mai tsage-tsage, aka zuba tsakuwar tacewa mai milimita 2 zuwa 4, aka toshe mita 5 na sama da siminti don kada ruwan kwata ya bi jikin bututu ya sauka. Aka hura iska har ruwa ya washe. Ta biyar ta faɗa kan tsaga ta gaske, amma yumɓu ya cike ta, ruwan bai isa famfo ba.

Gwajin jan ruwa an yi shi a Afrilu. Famfon tuƙa-tuƙa na buƙatar kamar lita 0.25 a daƙiƙa, wato jarka mai lita 25 ta cika a daƙiƙa 100. A awa 8 lita 7,200 ke nan, abin da zai ishi mutum 360 a kan lita 20 kowanne. Duk huɗun sun riƙe wannan na awoyi ba tare da ruwa ya sauka kan bututun tacewa ba, kuma sun farfaɗo bayan an kashe. Ɗaya, wadda ke mahaɗar tsagogi biyu, an ja ta awa 24 a kan kusan lita ɗaya a daƙiƙa ta tsaya daram. Ita kaɗai aka amince a ɗora wa famfon sola da tanki. Jama'a sun so a sa wa sauran ma, aka nuna musu lambobin. An kai samfurin ruwa ɗakin gwaji, musamman don sinadarin fuloraid, wanda kan yi yawa a wasu duwatsun yankin, da naitiret. Duka sun fito ƙasa da iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, miligiram 1.5 da 50 a lita.

Ranin da ya biyo baya duk huɗun sun kai damina suna aiki. Wadda ta fi ruwa tana da nisan kusan mita 700 daga gari, abin da ya jawo ƙorafi har aka ja bututu daga tanki.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Taswirar farko ba don hanyar ɗora shafuka ba ta da amfani ta faɗi ba. Ta faɗi ne don babu ko ɗaya cikin shafukanta da ya leƙa ƙarƙashin ƙasa, alhali a kan tsohon dutse kaurin ruɓaɓɓen sashe ne ke yanke hukunci. Lambar daidaito ta AHP da aka dogara da ita tana nuna cewa mai ba da maki bai saɓa wa kansa ba ne kawai. Mutum na iya yin kuskure daga farko har ƙarshe ba tare da ya saɓa wa kansa ba. Makin da aka aro daga wata ƙasa kuma ya zo da yanayin dutsen can.

Mafi arha cikin duk matakan, ƙidayar rijiyoyi, shi ya fi sauya sakamako, kuma rabin darajarsa daga busassun ramuka ta fito. Taswirar da aka gwada da rijiyoyi masu ruwa kaɗai kullum za ta yi kyau, tunda ba a ba ta damar faɗuwa ba. A nan yarjejeniyar sai-an-ga-ruwa ta yi ɓarna sau biyu: ta ɓoye bayanan, ta kuma sa ɗan kwangila saka famfo a ramin da bai kamata ba.

Nasarar huɗu cikin biyar ba ta taswira ba ce ita kaɗai, kuma adadin ya yi kaɗan a gina ƙa'ida a kansa. Taswira ta rage filin nema daga murabba'in kilomita sama da 200 zuwa filaye shida. Safiyon lantarki ne ya zaɓi turaku, shi ma bai iya bambanta tsaga mai ruwa da mai yumɓu ba a rami na biyar. Shafin kaurin ruɓaɓɓen dutse yana da ƙarfi kusa da garuruwa inda rijiyoyi suke, yana da rauni a gefen daji inda rugage suke, don haka launin taswirar a can zato ne. Bayanan ramuka biyar ɗin, har da busasshen, an shigar da su cikin shafin, an kuma ɗora wa mai kula da kowane famfo auna zurfin ruwa sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da ƙarshen Oktoba.